Jan Alƙalamin Sista Consolacion

Daren Laraba aka tara mu a Cebu,
mu goma sha ɗaya, malaman wasa na makarantun Katolika.
Fanka na kwasar zafi daga wannan lungu tana kai wa wancan.
Sista Consolacion ta shimfiɗa taswira a teburin cin abinci,
ta danne gefe guda da kwalbar ruwan kwakwa,
ɗaya gefen da littafin addu'arta.

Ta ce, kuɗin jirgin ruwa ya cinye mu.
Bara San Isidro ta sayar da aladu biyu
don yaranta su je su sha kashi su dawo da amai.
Santa Rita ta yi wata ba abokin karawa,
teku ta ƙi,
har bango ya gaji da amsar ƙwallo.

Sai ta zare jan alƙalami ta raba teku gida uku.
Na kusa ya kara da na kusa.
Babba ya nemi babba, ƙarami ya samu wurin shan iska.
Kuma daga bana, jirgin da ya ɗauki maza
shi zai ɗauki mata, rana ɗaya, fili ɗaya,
an daina ce musu su jira ragowar kuɗi.

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.
Wa zai ja da lissafi?
Sai dai jan layin nan ya ratsa
tsakanin tsibirina da na Eufronio Tabanao.

Shekara goma sha tara muna yi da shi.
Ya ci ni sha ɗaya, na ci shi takwas,
ɗayar ma har yau yana cewa agogo ne ya yi ƙarya.
Ya zagi alƙalin wasa da Bisaya,
ya juya ya nemi gafara da Latin.
In an tashi mu sayi gasasshen kifi a bakin tasha,
ba mai ambaton sakamako
sai ƙaya ta rage a faranti.

Na dube shi.
Yana duban farcensa kamar yau ya fara ganinsa.

Da na koma Camotes na manna jadawalin a ƙofar coci.
Rodel, dogon nan mai tsaron raga, ya karanta ya yi tsaki:
Malam, to yanzu wa za mu tsana?
Na rasa amsa. Ni ma abin da na kwana da shi ke nan.

Jovelyn ce ta zo bayan kowa ya watse,
ƙamshin busasshen kifin uwarta bai bar rigarta ba.
Shekara uku tana jefa ƙwallo cikin kwandon
da muka ɗaure wa bishiyar mangwaro,
ba ta taɓa jin usur ɗin baƙo ba.
Ta bi takardar da yatsa.
Ɗaya. Biyu. Ta kai bakwai, ta sake daga farko.
Ta ce, da gaske za mu tsallaka?
Na ce da gaske.
Ta ce, to ina bukatar takalmi,
ta ruga gida.

Na tsaya nan da kunyata a hannu,
ina kukan kifi ɗaya da aka ɗauke mini,
ga mai shekara uku bakinta bai taɓa miya ba.

Ran Asabar matuƙin jirgi ya miƙo mini ƙunshi.
Kifi ne, rabi, an yanka daidai ta tsakiya,
an naɗe shi da sabon jadawali.
Can ƙasa, inda zakarun shiyyoyi za su haɗu a Fabrairu,
mai ya jiƙa takardar,
amma rubutun Eufronio ya fito:

Ka yi ƙoƙari ka iso, tsoho.
Ba zan jira ka ba.